Sitan, Molon Turawan Dauri: Abin da Na Gani Bayan Shekara Guda da Shi a Kaduna

A watan Yunin bara ne ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ya sauka a gidana da ke Unguwar Rimi, rataye da wani siririn baƙin akwati wanda tun daga can ya ƙi yarda a cusa shi cikin sauran kaya, domin na riga na ja masa kunne cewa abin da ke ciki ba ya son jifa. A cikin akwatin akwai sitan, wani kayan kiɗa mai tsirkiyar ƙarfe da Turawan Ingila ke rubuta sunansa cittern, wanda ya yi tashe a ƙasashen Turai a ƙarni na 16 da na 17 kafin jita ta ture shi gefe. Nawa kwaikwayo ne da wani masassaƙin kayan kiɗa na wannan zamani ya yi bisa tsarin na dauri, na kuma saye shi na hannu daga wani wanda ya gaji da shi. Kuɗin da ya ci, idan aka mayar da su naira, sun kusa sayen sabon babur, kuma har yau uwargida ba ta fasa tuna mini da hakan ba. Na ƙi rubuta komai a kansa sai da ya ga damina, ya ga hunturu, ya ga bazara, domin a garin nan ba a yaba kayan katako sai ya sha iskar Disamba ya fito lafiya.

Tun ina kwaleji nake taɓa jita, daga baya kuma na koyi ɗan abin da ya sawwaƙa na gurmi a hannun wani dattijo, saboda haka da waɗannan biyun nake auna sitan a duk abin da zan faɗa. Kada a rikita shi da sitar na Indiyawa, wanda kunnenmu ya saba da shi ta hanyar finafinai, don kamar sunan kawai ta haɗa su.

Abin da ya fara ba ni mamaki da na ɗauke shi shi ne rashin nauyinsa. Jikinsa kamar an tsaga fiya gida biyu, sai dai bayansa a shafe yake kamar faranti, kuma kaurinsa ya fi yawa ta wajen wuya, yana raguwa har zuwa gindi. Fuskarsa farin katako ne mai laushi, a tsakiyarta an huda wani zagayayyen ado mai ƙananan ramuka wanda ya tuna mini da zanen da dukawa ke yi a jikin fata. Tsirkiyoyinsa tara ne, an jera su layi huɗu: layi uku suna da bibbiyu, layi ɗaya yana da uku. An ɗaure su a gindin jikin, suka haye ta kan jaki, wanda ba a manna shi da komai ba sai ƙarfin tsirkiyar da ke danne shi, kamar dai yadda jakin garaya yake zaune, sannan suka miƙe zuwa kai inda 'yan turakun katako ke riƙe da su, waɗanda ake murɗawa idan za a yi saiti. A kan wuyan an gitta siraran tagulla mataki-mataki, su ne ke yanke sautin idan an danna. Wuyan kansa an rage masa rabi ta baya, wato an sassaƙe gefe ɗaya domin babban yatsa ya sami hanyar zarya sama da ƙasa. A can ƙarshe an sassaƙa ɗan kan mutum mai murmushi, a bayansa kuma akwai ƙugiya ta ratayewa. Aikin yana da tsabta ƙwarai, ban ga inda gam ya ɓullo ko inda aka yi ha'inci ba. Abu ɗaya da na ga bai dace da kuɗinsa ba shi ne akwatin, wanda maƙullansa suka fara tsatsa tun kafin Agusta ya ƙare.

Wannan ƙugiya ta bayan kai ita ce ta fi kome bayyana matsayin sitan a zamaninsa. A Turai ta wancan lokaci, sarkin kayan tsirkiya shi ne lut, ɗan'uwan udin Larabawa, mai ƙumburarren baya da tsirkiyar hanjin dabba. Lut yana da tsada, ga saurin fashewa, ga tsirkiyarsa ba ta jure sauyin yanayi, kullum mai shi yana cikin saiti. Sitan kuwa, da yake bayansa a shafe yake, ya fi sauƙin haɗawa da sauƙin kuɗi, tsirkiyar ƙarfe kuma tana daɗewa ba ta saki ba, saboda haka ya zama kayan kiɗan gida da na mashaya da na shago. A Ingila an san shi da zama a shagon wanzamai, inda ake rataye shi a bango domin duk wanda ke jiran layin aski ya sauko da shi ya rage lokaci. Masu zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17, irin su Jan Steen da Johannes Vermeer, sun sha zana shi a hannun mata a cikin ɗakunansu. Duk da haka bai tsaya a hannun talakawa kaɗai ba, domin a shekarar 1574 wani gwanin masassaƙi na birnin Bireshiya a Italiya, Girolamo Virchi, ya yi wa yarima Ferdinand na Tirol wani sitan mai ado na ƙasaita, wanda har yanzu yake ajiye a gidan tarihi a birnin Biyana. Sunan kansa ya samo asali ne daga kitara ta Girkawan dā, kuma galibin masana suna danganta shi da wani kayan kiɗa na tsakiyar zamanai da ake kira sitol.

Da na fara kaɗa shi da filastik ɗin da nake kaɗa jita, sai na ji wani kaushi mai sa haƙori tsami, har na fara zargin ko na yi asarar kuɗina. Laifin na filastik ɗin ne. Mutanen dauri da gindin gashin tsuntsu suke kaɗa shi, don haka na je wajen masu sayar da kaji na roƙi gashin fiffiken talotalo, na fere bakinsa da reza kamar yadda ake fere alƙalamin kara. Nan take muryarsa ta fito, siririya, mai ƙara kamar an kaɗa ƙananan ƙararrawa da yawa a lokaci guda, kuma sautin ba ya mutuwa da wuri, yana ci gaba da amo bayan an ɗauke hannu. Wanda ya taɓa sauraron kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos zai gane irin kaifin da nake nufi, sai dai a nan tsirkiya tara ce ke magana tare maimakon ɗaya, kuma akwatin katako ya fi gwangwanin sardin taushin amo. Gashi ɗaya yakan yi mini kamar mako biyu kafin ya tsage, wanda ba abin damuwa ba ne a garin da talotalo ba ya wuya.

Saitinsa ya ɗan wahalar da ni a farko. A jita, tsirkiyoyi suna tafiya a jere daga mai kauri zuwa mai siriri, amma a sitan layi na huɗu ya fi na uku tashi sama, kuma tazarar da ke tsakanin sautin da ya fi ƙasa da wanda ya fi sama a buɗaɗɗun tsirkiyoyin kaɗan ce. Amfanin wannan shi ne yawancin haɗin sautuka da yatsa biyu ko uku ake kama su, har yaro ma yana iya koyon guda uku a zama ɗaya. Illarsa kuwa ita ce ba shi da babbar murya ta ƙasa ko kaɗan. Wanda ya saba da gurnanin jita zai ji kamar an yi miya babu daddawa. Game da abin koyo, akwai tsofaffin littattafai da aka buga musamman dominsa, cikin wani rubutu da ke nuna inda za a ɗora yatsa. Na Anthony Holborne na 1597 da na Thomas Robinson na 1609 sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba, kuma sun isa hujja ga duk wanda ke raina sitan da cewa na 'yan koyo ne. Na John Playford na 1666 shi ne daidai da irina, kuma a cikinsa ne ya ba da shawarar a bar gashin tsuntsu a riƙa kaɗawa da yatsu kamar jita. Na gwada shawararsa, ban kuwa yarda da shi ba, domin yatsa yana dushe ainihin kaifin da ya sa na sayi abin.

A damina ya cika alkawarin da tarihi ya yi a kansa. Ko a tsakiyar Agusta, lokacin da sama ke yini a rufe, tufafi su ƙi bushewa, fatar gurmina ta saki har sai an kai ta kusa da wuta kafin ta yi magana, sitan yakan yi kwana huɗu ko biyar a rataye ba tare da ya buƙaci a taɓa turakunsa ba. Abin lura kawai shi ne tsatsa, domin siraran tsirkiyoyin sama na baƙin ƙarfe ne, kuma gumin hannu da laimar iska suna cin su da sauri. Goge su da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa ya wadatar.

Hunturu ne ya nuna mini iyakarsa. Wata safiya a ƙarshen Disamba na buɗe akwatin na tarar tsirkiyoyi shida a sake suna lilo, saboda turakun sun bushe sun tsuke a cikin ramukansu har sun kwance da kansu. Da tsirkiya ta saki, jakin ma ya goce daga mazauninsa, kuma mayar da shi daidai aiki ne na haƙuri, domin kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba yana lalata saitin duka. Bayan mako guda sai katakon wuyan ya tsuke shi ma, bakunan tagullar da aka gitta suka leƙo ta gefe suna yankar hannu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani siririn tsagu da ya bayyana a fuskar, daga ƙasan adon zuwa kusa da jaki, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Ban ɗora wa masassaƙin laifi ba, domin ya yi aikinsa ne don ƙasar da ba ta san bushewar iska irin tamu ba, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sakacin nawa ne da ban yi tanadi tun Nuwamba ba.

Gyaran a nan Kaduna aka yi shi, kuma ya ƙara mini girmama masu sana'ar hannu na garin nan. Wani dattijon kafinta da ke gyaran jita ga mawaƙan coci ya juya shi a hannu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, wannan ba ciwo ba ne, ƙishirwa ce. A ba shi ruwa tukuna kafin a sa masa magani." Ya sa na ajiye jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huda a cikin akwatin har kwana goma, tsagun ya kusa rufewa da kansa, sannan ya zura masa gam ya manna ɗan katako ta ciki. Bakunan tagullar kuwa wani maƙeri a Panteka ya goge su da ƙaramar zarto cikin rabin sa'a, yana yi yana tambayata ko Turawa ma suna da 'yan bori. Turakun na magance su da alli da ɗan busasshen sabulu, allin ya hana su zamewa, sabulun ya hana su cijewa. Tun daga lokacin soson bai bar akwatin ba sai da ruwan farko ya sauka, kuma zafin Maris da Afrilu bai yi masa komai ba, tunda ban taɓa barin sa a cikin mota ba.

Matsalar da har yanzu ban gama da ita ba ita ce ta tsirkiya. Na zaga shagunan kayan kiɗa na cikin gari da na Sabon Tasha, babu wanda ya taɓa jin sunan abin, balle a sami tsirkiyarsa. Siririyar tsirkiyar jita tana iya maye gurbin ta sama idan ta tsinke, ko da yake ta fi ta asali tauri, kuma dole a yi hattara kada a ja ta fiye da kima ta danne fuskar. Amma ta tagulla, musamman murɗaɗɗiyar da ke layi na uku, sai dai a yi saƙo daga waje. Duk wanda zai saya, ya haɗa da saiti uku ko huɗu tun daga farko.

Tambayar da abokai suka fi yi mini ita ce ko yana yin kiɗanmu. Amsar tana da tsawo. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma duk biyar ɗin suna nan a wuyan sitan, saboda haka fitar da gangar jikin waƙa ba ya wuya. Kiɗan da ke maimaita gajeren kari a ƙarƙashin muryar mawaƙi, irin wanda molo ko garaya ke riƙewa, yana zama a kansa da kyau, har ma tsirkiyoyin da ke bibbiyu suna ba shi wata cika da tsirkiya ɗaya ba ta da ita. Inda ya gaza shi ne wajen magana. Gurmi da garaya ba su da gitte-gitte a wuya, yatsa yana zamewa yadda ya ga dama, shi ya sa gwani irin marigayi Haruna Uji yake sa gurmi ya bi hawa da saukar harshen Hausa har mai sauraro ya ji kalmar da ake nufi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma akwai gaɓar da ke farawa sama ta gangaro ƙasa a numfashi ɗaya. Sitan ba ya iya wannan gangarowa. Tagullar da ke wuyansa tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, sai ya riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar Baturen da ya haddace Hausa a littafi: kalmomin daidai, amma kunne ya san baƙo ne. Na yi ƙoƙarin jan tsirkiyar gefe don in lanƙwasa sautin kamar yadda ake yi a jita, sai dai tsirkiya biyu ba sa lanƙwasuwa daidai da juna, abin da ke fitowa ba shi da daɗin ji. Akwai kuma wani abu da ya kamata masu kiɗa da kibod su sani. Tazarar gitte-gitten nawa an yi ta ne bisa awon dauri, wanda ke sa wasu haɗin sautuka su yi zaƙi fiye da na jita, wasu kuma su yi tsami. Da muka gwada shi tare da kibod a gidan wani aboki a Barnawa, a wasu wurare sun jitu, a wasu kuma kamar kishiyoyi.

Da yake na karanta labarin shagunan wanzaman Ingila, sai na ga ya dace in gwada shi a inda aka ce nan ne gidansa. Na roƙi mai yi mini aski a Tudun Wada ya bar ni in rataye shi a shagonsa ranar wata Asabar, na zauna a gefe ina kallo. Gani ya kori ji. Kafin azahar mutum bakwai ko takwas sun sauko da shi, ciki har da wani ɗan acaɓa da bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba, wanda na nuna masa inda zai ɗora yatsu biyu, cikin 'yan mintuna ya fara kaɗa abin da ake iya rausayawa a kai. Ƙarar injin aski da ta janareton maƙwabta ba su danne shi ba, domin siririyar muryar ƙarfe tana ratsa hayaniya ta inda jitar katako ke nutsewa. Da wani ya fara buga benci da tafin hannu, wani kuma ya ɗauko waƙa, sai na ji sitan ya zauna a mazauninsa na gaskiya. A ɗakina shi kaɗai yakan gundure ni bayan rabin sa'a saboda rashin muryar ƙasa, amma a cikin taro shi ne ke riƙe kari yana cike giɓi. Haka ma Turawan suka yi amfani da shi. A tarin kiɗan da Thomas Morley ya buga a 1599 don ƙungiyar kayan kiɗa shida, lut ne ke yin gwaninta, sarewa da goge na Turawa suna ɗauke da waƙa, wani babban goge da bandora, wani babban kayan kiɗa mai tsirkiyar ƙarfe, suna riƙe muryar ƙasa, shi kuwa sitan aikinsa ya kaɗa haɗin sautuka ya tsare lokaci. Matsayinsa ke nan na ɗan amshi, kuma duk wanda ya san kiɗan Hausa ya san cewa waƙa ba ta tsayuwa idan 'yan amshi ba su da ƙarfi. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ka bar mana shi mana." Na ce masa sai ranar da ya yarda ya biya rabin kuɗin babur.

Wanda wannan bayani ya ba shi sha'awa ya san cewa sunan sitan a kasuwar yau yana kan abubuwa biyu daban. Akwai irin nawa, kwaikwayon na ƙarni na 16. Akwai kuma na zamani, babba, mai tsirkiya goma a layi biyar, wanda wani masassaƙi a arewacin Ingila, Stefan Sobell, ya fara yi a farkon shekarun 1970 ya kuma ba shi tsohon sunan, kuma shi ne ake ji a kiɗan gargajiyar Ailan da Sikotland. Tsakanin waɗannan biyun zuriyar ba ta yanke ba: a tsakiyar ƙarni na 18 an yi yayin wani nau'insa da ake kira jitar Ingila, a Jamus akwai nasu na yankin Turingiya, a Fotugal kuma jitarsu mai tsirkiya goma sha biyu, wadda ke raka waƙoƙin fado a Lizbon da Kwimbara, ita ma daga wannan gida ta fito.

Ga mawaƙin da ke neman abin da zai hau dandamali da shi a Kaduna, ko ya shiga situdiyo tare da kibod da ganga, na zamanin ya fi dacewa. Yana da muryar ƙasa, awon wuyansa irin na jita ne, turakun saitinsa na ƙarfe ne da hunturu ba ya kwance su, kuma ana iya haɗa masa tsirkiya daga ta jita da ta mandolin, wani ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiyar ƙarfe. Irin nawa kuwa na malamin kiɗa ne da ke son ɗalibansa su ji da kunnensu yadda kiɗan Turai yake kafin zuwan fiyano, ko na mai sha'awar tarihi wanda ba ya ƙyashin hidima. Idan na hannu za a saya, a sa wanda zai karɓo ya duba ko fuskar ta lotsa a ƙarƙashin jaki, ya kuma tabbatar wuyan bai karkace ba, domin waɗannan biyun gyaransu ya fi ƙarfin abin da za a yi a nan. A kawo shi da damina, kada a kawo shi da hunturu, domin katakon ya saba da garin a hankali. Nawa yanzu yana rataye da ƙugiyarsa a bangon ɗakin karatu, tsirkiya takwas na asali da ɗaya ta aro daga jita, yana jiran ɗan ƙanwata ya dawo hutu da murɗaɗɗiyar tagulla.